Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ikkilisiyoyin Arewa Mai Nisa, Daga Wani Tafinta

Iyayenmu cikin Ubangiji, bishop-bishop, shugabannin majalisun ikkilisiya, fastoci da fada-fada na jihar Arewa Mai Nisa ta ƙasar Kamaru,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, ina kuma yi muku sannu da ɗawainiyar garken da aka danƙa a hannunku a wannan zamani mai wuya. Ni tsohon malamin firamare ne, kuma dattijo a wata ƙaramar ikkilisiya da ke gindin duwatsun Mandara, a gundumar Mayo-Tsanaga. Fiye da shekara 20 ke nan nake tsayawa a gefen mumbari kowace Lahadi ina mayar da wa'azi daga Faransanci zuwa Hausa, domin a wannan bakin iyaka, inda harsuna suka yi yawa har ƙauyuka biyu masu kallon juna ba sa jin maganar juna, Hausa ce ke haɗa mu, musamman tun da 'yan'uwanmu na wajen Gwoza suka tsallako suka zauna tare da mu. Ƙa'idar tafinta ita ce ya faɗi abin da aka faɗa ba ƙari ba ragi, ya haɗiye nasa ra'ayin. Na kiyaye wannan ƙa'ida tsawon shekaru, amma yau ina neman izininku in yi magana da bakina, in kuwa harshena ya yi kaushi a wani wuri, ku yi mini gafara irin ta uba ga ɗansa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a taron godiyar kaka. An gayyato mana baƙon mai wa'azi daga wani babban birni, mutum mai ilimi da murya, ya karanta mana labarin hadarin da ya taso wa almajirai a teku, da tambayar da Yesu ya yi musu a Markus 4:40 a kan tsoronsu. Daga nan ya ɗaga murya ya ce duk Kiristan da ke barin ɗakinsa da dare ya je ya kwana a cikin duwatsu, ya shaida wa duniya ke nan cewa Allahnsa barci yake yi. Ya tsaya, ya juyo ya dube ni yana jira, ni kuwa na buɗe baki na faɗa da Hausa yadda ya faɗa. A tabarmar gaba akwai mata kusan goma da suka sauko daga dutse da asubar nan, ƙarangiya ba ta ma gama fita daga bakin zannuwansu ba. Ɗaya daga cikinsu tsohuwa ce da aka kashe wa ɗa a gonar dawa, kuma ni ta zuba wa ido, domin muryata ce ta shiga kunnenta. Lahadi uku ba ta zo sujada ba. Da na je gaishe ta, na same ta tana ɓare gyaɗa a ƙofar bukka, ta shimfiɗa mini buhu na zauna, sannan ta ce, "Malam, tunda ka ce ba ni da bangaskiya, me zan zo in yi a ɗakin Allah?" Ni ta ce na faɗa, kuma ban sami bakin musa mata ba.

Ba ƙarar baƙon nan na kawo muku ba. Ya hau hanyar da wasu suka ƙi hawa, ya zo da zuciya ɗaya, kuma abin da aka koya masa ya faɗa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wannan irin wa'azi kuwa ba daga bakinsa kaɗai na fassara shi ba. Na fassara shi a taron matasa, na fassara shi a bakin kabari, har na lura cewa "kada ku ji tsoro", maganar da mala'iku da Ubangiji da kansa suke faɗa don su kwantar da hankalin wanda jikinsa ke rawa, mu mun mayar da ita bulala.

Na san ba ku manta da yadda abin ya faro ba, amma wasu daga cikin fastocin da ake turo mana yanzu suna 'yan makaranta a lokacin, saboda haka bari in maimaita kaɗan. A watan Nuwamba na 2013 'yan Boko Haram suka shiga Ngecewe, kusa da Koza, suka ɗauke Fada Georges Vandenbeusch, ba a sako shi ba sai ranar ƙarshe ta shekarar. A watan Afrilu na 2014 aka sace fada biyu 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada a Cere, kusa da Marwa. A watan Yuli na wannan shekara aka far wa Kolofata, aka tafi da lamidon garin da matar mataimakin firayim minista Amadou Ali. A Fabrairun 2015 aka yi kisan Fotokol, inda aka kashe mutane har a cikin masallaci, a ranar 22 ga Yuli kuma bama-bamai suka tashi a babbar kasuwar Marwa da unguwar Barmare, bayan kwana uku wani ya sake tashi a Pont Vert. Sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo da aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo ya cika har ya haura mutum 70,000. Da manyan hare-hare suka ragu aka rage ambatonmu a rediyo, sai mutanen birni suka ɗauka an gama, alhali a Agustan 2020 an koma Ngecewe da dare aka kashe aƙalla mutum 17 a wurin da 'yan gudun hijira suka fake, a Janairun 2021 kuma aka yi irinsa a Mozogo, har da yara cikin mamatan. Tsakanin waɗannan da jaridu suka buga akwai darare marasa adadi da ba wanda ya rubuta, daren da aka kora awaki, daren da aka kwashe rumbu, daren da aka kashe mutum ɗaya tak, wanda bai isa labari ba sai a gidansu.

Ga yadda dare yake a ƙauyukan da ke fuskantar iyaka, saboda wanda bai taɓa gani ba. Tun la'asar mata ke gama tuwo, domin ba a son hayaƙi ko hasken wuta bayan magariba. Kafin duhu ya rufe kowane gida ya naɗe tabarma, an goya jarirai, an kama hannun tsofaffi, an bi 'yar siririyar hanya zuwa cikin duwatsu, inda kowane iyali ya riga ya san kogonsa. Ba a kunna tocila, ba a tari da ƙarfi, mai jego kuwa nono na bakin ɗanta kusan dare duka don kada ya yi kuka. In kare ya yi haushi a ƙasa, sai kowa ya ɗauke numfashi. Da damina ruwa ya same su a can, da hunturu sanyi ya same su a can, ga kunama ga maciji. 'Yan sintirin ƙauye su ne ke zagaye a ƙasa da kwari da baka da bindigar gargajiya, da dama daga cikinsu kuwa samarin ƙungiyar mawaƙanmu ne. Da gari ya waye a sauko, a duba abin da ya rage, a ɗauki fartanya a tafi gona, in Lahadi ce kuma a wanke fuska a tafi majami'a. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna haka, ba su bar ƙauyensu ba, ba su bar sujada ba, su ne na gaya wa da bakina cewa Allahnsu barci yake yi.

Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. A wurinmu tsoron ya baro daji ya shigo gida, kunyar kuma ta bi mu har cikin majami'a, domin mun koya wa mutane cewa jin tsoro abin kunya ne ga mai bi, sai kowa ya ɓoye nasa. A lokacin shaida mutum zai tashi ya ce shi bai taɓa jin ko ɗar ba, alhali matarsa ta san ba ya runtsawa sai ya cika ciki da giyar bilbil. Yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba suna fitsarin kwance har sun yi wayo, ana dukansu ana cewa ƙazanta ce. Wasu suna zuwa sujada da laya ɗaure a ƙugu, wasu kuma suna sayar da akuya su sayi kwalbar mai daga hannun masu kiran kansu annabawa, waɗanda suka yi musu alkawarin cewa harsashi ba zai huda su ba. Da suna iya gaya wa fastonsu cewa tsoro suke ji ba tare da an auna musu bangaskiya a faranti ba, da kasuwar waɗannan 'yan damfara ba ta ci ba.

Bayan maganar tsohuwar nan na koma na karanta Ibraniyawa sura 11 a hankali, na ga abin da na sha wucewa ban lura ba. A aya ta 34 an yaba wa waɗanda suka tsere wa kaifin takobi, a aya ta 37 kuma an yaba wa waɗanda aka kashe da takobi, duka biyun a jeri ɗaya, duka biyun da sunan bangaskiya, marubucin bai ware waɗannan ya ce jarumai ne waɗancan ragwaye ba. Sai aya ta 38, wadda na karanta sau uku kafin in yarda da idona, inda aka ambaci masu yawo a jeji da kan duwatsu, masu fakewa a koguna da ramummukan ƙasa, aka ce duniya ba ta isa ta zauna da su ba. Ai wannan matan tabarmar gaba ne. Washegari na koma na karanta wa tsohuwar, ta ce in sake, na sake, sannan ta ce in sa tsinke a wurin domin jikanta ya riƙa karanta mata.

Da ido ya buɗe kuwa, sai na ga Littafi Mai Tsarki cike yake da masu gudu. Yusufu ya tashi da dare ya gudu da jaririn Maryamu zuwa Masar bisa ga umarnin mala'ika. Yesu da kansa ya ce a Matiyu 10:23 in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan. An zura Bulus cikin kwando ta tagar garun Dimashƙu, kuma shi da kansa ya rubuta labarin a 2 Korintiyawa 11:33, bai ɓoye ba. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Iliya, mutumin da ya fuskanci annabawan Ba'al 450 a dutsen Karmel, sannan barazanar mace ɗaya ta sa ya ranta cikin na kare har yana roƙon mutuwa. Ku dubi yadda Allah ya bi da shi a 1 Sarakuna 19: sau biyu aka tashe shi aka ba shi abinci da ruwa kafin a yi masa ko tambaya ɗaya, da aka zo magana kuma aka gaya masa cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka haɗa shi da Elisha, aka mayar da shi bakin aiki. A Getsamani ma, da zuciyar Ubangiji ta yi nauyi har guminsa ya zama kamar ɗigon jini, abin da ya roƙa daga wurin mutane shi ne abokai uku su zauna su yi tsaro tare da shi.

Na san wani daga cikinku zai ce, to, tafinta, so kake mu koya wa mutane ragwanci? A wannan sura ta Matiyu 10 ai aka ce wanda ya yi musun Almasihu a gaban mutane, shi ma za a yi musunsa. Gaskiya ne, kuma ba zan kauce wa ayar ba, domin ta taɓa kama ni. A 2015, lokacin da abin ya yi zafi, ina cikin motar haya daga Mora da almuru, sai wasu masu bindiga suka tsayar da mu, duhu bai bar mu mun gane ko sojoji ne ko waɗancan ba. Kafin su iso na zare Sabon Alkawarina daga aljihu na cusa shi cikin buhun albasar wani fasinja da ke ƙarƙashin kujera, da aka tambayi sunana kuma na ba da sunan da aka raɗa mini a gida, na haɗiye na baftisma. Ashe sojoji ne. Da muka sauka a tasha, mai albasar, wani dattijo Musulmi da carbi a hannu, ya zura hannu cikin buhunsa ya fito da littafin, ya goge shi da bakin rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Malam, ga littafinka." Bai ƙara komai ba. Shekara biyu na yi ina ɗauke da wannan kunya ban gaya wa ko fasto ɗaya ba, domin na san amsar da za a ba ni, ni ne ke fassara ta.

Wanda ya sauke mini kayan wani mai bishara ne na wani ƙauye a kan iyaka, mutumin da ko firamare bai gama ba. Muna zaune muna shan kunu na ba shi labarin, ina jiran faɗa, sai ya yi dariya ya ce shi kowace Asabar da dare sai cikinsa ya ɗuri ruwa har ya zaga bayan gida sau uku, da safe kuma ya ɗaura wuyan riga ya tafi ya buɗe majami'a. Ya ce, "Baba, gaya wa Ubangiji kamar yadda ka gaya mini, sannan ka mayar da littafin aljihun gaba." Tun daga ranar a aljihun gaba yake. Har yau in aka tsayar da mota ƙirjina na bugawa, amma hannuna bai sake zuwa wurin littafin ba, kuma na tabbata wa'azi ɗari na masu cewa ba su san tsoro ba da bai yi mini abin da maganar wannan matsoraci ta yi mini ba.

Ita kuwa tsohuwar da na ɓata wa rai, ya kamata ku san ko wace ce. A ƙauyensu ƙararrawar majami'a wani tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a reshen darbejiya. Daren da aka ƙone rufin majami'ar daren Lahadi ne, mazan suka sauko da safe suka tsaya cirko-cirko suna kallon toka, wasu na cewa a bar sujada sai an ga yadda hali ya yi. Ita ce ta tsinci dutse ta je ta buga ƙarfen, hannunta na kakkarwa har dutsen ya faɗi sau biyu tana sunkuyawa tana ɗauka. Mutane suka taru aka yi sujada tsakanin bango huɗu masu baƙin hayaƙi, sama a buɗe. Da magariba kuma ta naɗe tabarmarta ta hau dutse tare da kowa.

Yanzu bari in zo kan abin da ke hannunku. Masu bishara da katikis, wato masu koyar da addini, na ƙauyukan iyaka su ne ke riƙe da ikkilisiya a inda ta fi rauni, kuma su ne aka fi mantawa da su. Abin da suke samu daga baikon mutanen da aka kwashe wa rumbu yake fitowa, kun san kuwa abin da hakan ke nufi. Babu wata ƙa'ida a rubuce da ta gaya wa ɗayansu lokacin da ya halatta ya tashi da iyalinsa. In ya tashi, a taro na gaba a yi masa habaici da ɗan ƙodagon Yahaya 10 wanda ke ganin kyarkeci ya bar tumaki. In ya zauna aka kashe shi, a zo da motoci a yi jana'iza mai kyau, bayan 'yan watanni kuma a nemi gwauruwar ta ba da ɗaki saboda sabon ma'aikaci. Na ga wannan da idona, ba zan faɗi inda ba ne. Tambayar nan kuwa ba sabuwa ba ce a Afirka. Lokacin da mayaƙan Vandal suka mamaye arewacin nahiyar, wani bishop mai suna Honoratus ya tambayi Agustin na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ko ma'aikacin ikkilisiya na iya gudu. Agustin ya amsa masa a rubuce cewa yana iya tashi idan shi kaɗai ake farauta kuma akwai waɗanda za su riƙe aikin, ko kuwa idan jama'ar duka sun tashi, amma muddin mutane suna nan kuma haɗarin na kowa ne, kada a bar su ba mai hidima. Shi kansa ya zauna, ya rasu a shekara ta 430 garin yana kewaye da abokan gaba. Ko kun yarda da hukuncinsa ko kun gyara shi, ku zauna ku rubuta naku, ku ɗauki alhakin yanke shawarar a wuyanku, kada ku bar wa mutum ɗaya da matarsa su yanke ta da tsakar dare a cikin kogo. Ku kuma ware wani abu daga baikon manyan majami'un Marwa da Garwa da Ngaundere domin gwauraye da marayun waɗannan ma'aikata, gama mutumin da ya san ba za a kori 'ya'yansa daga makaranta bayan ransa ba, ƙafarsa ta fi tsayawa.

Ni ba ɗan Katolika ba ne, amma babu mai zama a gindin duwatsun nan da bai ji sunan Baba Simon ba. Simon Mpeke yana cikin fada takwas na farko 'yan Kamaru da aka naɗa a 1935, ya bar babbar ikkilisiyarsa ta New-Bell a Duwala ya hauro arewa a 1959, ya zauna a Tokombere yana hawa duwatsu ba takalmi har kusan rasuwarsa a 1975, kuma a 2023 Fafaroma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa. Tsofaffin da suka san shi, in suna labarinsa, zuwansa suke ambata da zamansa a kan dutse tare da su, ban taɓa jin wanda ya maimaita mini wa'azinsa ba.

Akwai kuma maganar da muke kewayawa kamar rijiya, wato ta waɗanda suka dawo daga daji. Tun 2018 gwamnati ta kafa kwamitin karɓar masu ajiye makamai, da cibiya a Mora, amma mu ikkilisiya har yau kowane dattijo da ra'ayinsa yake aiki. Akwai saurayin da aka kama yana kiwo yana ɗan shekara 14, aka ɗora masa wuƙa a wuya ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, ya tsere bayan shekaru, yanzu yana zama a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, in an zo jibin Ubangiji, wato rabon gurasa da ƙoƙo don tunawa da Almasihu, ya sulale ya fita. Akwai yarinyar da ta dawo da goyo, wadda matan zumunta ke matsawa in ta zauna. Ba wanda ya kore su, ba kuma wanda ya ce musu ku matso. A shekara ta 250 Sarkin Roma Desiyus ya umarci kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida, Kiristoci da yawa suka faɗi. Sipiriyan, bishop na Kartaj a Tunisiya ta yau, wanda shi kansa ya ɓuya a lokacin yana jagorancin jama'arsa da wasiƙu, ya tara majalisa a 251 aka tsara hanyar tuba da dawowa, ana duba nauyin abin da kowa ya yi. Da aka ga wani tsananin na tafe, sai aka buɗe wa masu tuba ƙofa gaba ɗaya, bisa hujjar cewa ba za a tura mutum fagen fama a kuma hana shi ƙoƙon Ubangiji da zai ƙarfafa shi ba. Wannan bishop da aka yi wa gorin ɓuya, a 258 ya miƙa wuyansa aka sare. Ban ce a rufe ido ga wanda ya ɗauki makami ya kashe maƙwabtansa ba, wannan shari'arsa dabam ce, kuma waɗanda aka zalunta suna da hakkin a saurare su tukuna. Amma yaron da aka ɗora wa wuƙa, wane ne a cikinmu zai rantse cewa da shi ne da ya yi dabam? Ni dai da na cusa littafina cikin albasa saboda inuwar sojoji, ba ni da bakin hana shi gurasa.

Ku kuma lura da inda tsoro ke gangarawa in ya daɗe a ciki, domin na fara jin samarinmu suna magana a kan Musulmi duka da murya ɗaya, wasu masu wa'azi kuma suna hura wutar saboda tana kawo "amin" mai ƙarfi. Waɗanda aka kashe a masallacin Fotokol ba Kiristoci ba ne, Barmare unguwar Hausawa ce, kuma a sintirin dare kafaɗa da kafaɗa samarinmu ke tsayawa da nasu. Zaman da kuke yi da limamai a zaurukan Marwa abu ne mai kyau, sai dai ku gangaro da shi ƙauye, inda mai bishara da limamin unguwa ke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya. Haka kuma ɗan'uwan da ya ba da gaskiya daga gidan da ba a yarda ba, ku daina matsa masa ya tashi ya yi shaida a gaban taro, ku kuma hana masu ɗaukar hotonsa suna sawa a Facebook don neman taimakon waje. Nikodimu da dare ya fara zuwa, Yusufu mutumin Arimatiya a ɓoye yake bi saboda tsoro, amma ranar da manzanni suka watse su biyun ne suka ɗauki jikin Ubangiji suka binne.

Roƙona na ƙarshe shi ne ku zo da kanku, kuma ba zuwan da ake isowa da hantsi a koma kafin la'asar ba. Ku zo bayan girbi, lokacin da rumbuna suka cika kuma barci ya fi ƙaranci, ɗaya ko biyu daga cikinku, ba jerin motoci. Ku ci tuwo da wuri tare da mu, ku hau dutsen, ku kwana inda muke kwana. Ba sai kun zo da tabarma ba, akwai ta baƙi, amma ku zo da rigar sanyi. Da safe tsohuwar nan za ta buga ƙarfen, domin ta koma bakin aikinta, sai ku hau mumbari ku faɗa mana abin da Ubangiji ya ba ku bayan wannan dare. Ni zan tsaya a gefe in yi muku tafinta.

Naku cikin hidimar Ubangiji,
Wani dattijo kuma tafinta, daga gundumar Mayo-Tsanaga